Mataccen Firji Ya Zama Uwar Kaji: Yadda Ake Haɗa Injin Ƙyanƙyasa a Gida

A bayan shagunan masu gyaran firji na Kano da Kaduna da Zariya, har zuwa Maraɗi, ba a rasa tarin matattun firji da rana ke duka. A da 'yan gwangwan kaɗai ke taya su, su fasa, su auna ƙarfen a kilo. Yanzu sun sami abokan gogayya. Sai ka ga saurayi yana bi yana buɗe ƙofofinsu ɗaya bayan ɗaya. Ba ruwansa da injin, robar bakin ƙofa yake dubawa, ko tana kamawa da kyau. In ya sami wanda ya yi masa, sai ya ɗora a a-daidaita-sahu ya nufi gida.

Bayan 'yan kwanaki firjin nan ya koma wani abu dabam. An huda shi sama da ƙasa, an saƙala masa ƙwan lantarki biyu da 'yar fankar tsohuwar kwamfuta, an ajiye faranti da ruwa a ƙasa, an jera ƙwai a kan raga. A jikin ƙofar akwai 'yar na'ura mai jajayen lambobi tana nuna 37.5. Fitila ta kama, an jima ta mutu, an jima ta sake kamawa. Haka za a yi ta yi dare da rana har kwana 21.

Wannan shi ne injin ƙyanƙyasa na gida, wanda masu sana'ar ke kira inkubeta. Wani da firji yake yin nasa, wani da kular ƙanƙara, wani kafinta ne ke buga masa akwatin katako, wani ma kwali ya ishe shi gwaji. Bidiyoyin yadda ake haɗawa sun cika Facebook da TikTok, kuma kusan duk a wuri ɗaya suke ƙarewa: an buɗe ƙofa, ga 'yan tsaki cunkus suna tsiya-tsiya. Abin da ba a cika nunawa ba shi ne kiret-kiret na baragurbi da ake fitarwa a zubar a bola ba tare da an ɗauki hoto ba.

Me ya tura mutane?

Mai kiwon kajin gidan gona a Arewa ya daɗe yana dogaro da Kudu. Yawancin manyan kamfanonin ƙyanƙyasa suna Ibadan da kewayenta da jihar Ogun, irin su Zartech da CHI da Agrited da gonar Obasanjo ta Ota. Daga can ake loda 'yan tsaki a kwali, hamsin-hamsin, su yi tafiyar kusan kilomita dubu kafin su iso Kano. Kamfanin Olam ya buɗe babbar ma'aikatar ƙyanƙyasa a ƙaramar hukumar Chikun ta jihar Kaduna a 2017, ta rage nisa, amma har yau mai son kwali ɗaya ko biyu sai ya bi ta hannun dila, ya biya kuɗi tun kafin ya ga kaya, ya jira ranar da mota za ta zo. Da an doshi Kirsimeti ko ƙaramar Salla farashi ya tashi, domin kowa so yake kajinsa su isa yanka a lokaci guda.

Sai kuma 2023 ta zo. An cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu, darajar naira ta faɗi, masara da waken suya suka yi tsada. Ƙananan gonaki da dama suka kulle, ƙungiyar masu kiwon kaji ta ƙasa ta yi ta koke. Wanda ya ga ba zai iya ci gaba da sayen buhun abincin kamfani ba, sai ya waiwayo wajen kazar Hausa da zabo, waɗanda dusa da tsince-tsince ke riƙe su, kuma kasuwarsu ba ta mutuwa. Amma kamfani ba ya sayar da 'ya'yan kazar Hausa a kwali. Mai so sai ya ƙyanƙyashe abinsa.

Injin da ake shigowa da shi daga Sin yana nan a kasuwa, sai dai kuɗinsa ya bi dala, kuma ƙananan na roba da yawa ba sa jure wutarmu. Ga kuma masu kiwon sha'awa, masu manyan kajin Brahma da talo-talo da dawisu, waɗanda ƙwansu ke da tsada sosai. Su ma ba sa son barin irin wannan dukiya a hannun kaza.

Lissafin kazar Hausa

Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kiyasta kajin Nijeriya a kan kimanin miliyan 180, kuma kaso mai tsoka na yawo ne a tsakar gidaje da bayan gari. Kazar Hausa kan saka ƙwai goma zuwa sha biyar, ta kwanta mako uku, sannan ta yi wata biyu ko fiye tana jan 'ya'ya. Duk tsawon wannan lokaci ba ta saka ko ɗaya. Shi ya sa a shekara ba ta wuce zubi uku ko huɗu, ƙwai arba'in zuwa sittin. In aka ɗauke mata kwanci da reno, ta kan koma saka ƙwai da wuri. Amfanin injin na farko ke nan.

Na biyu ya fi wannan girma, kuma shi ne ya sa nake ganin wannan sana'a ta dace da ƙasarmu: zabo. Zabuwa tana zuba ƙwai sosai da damina, amma ba ta da haƙurin kwanci, kuma sau da yawa a cikin ciyawa take ɓoye gurbinta. Tun kaka da kakanni dabarar ita ce a kwashe ƙwan a sa wa kaza. Kaza ɗaya kuwa ba ta rufe fiye da sha biyar zuwa ashirin. Sauran sai a dafa a kai tasha. Duk wanda ya bi hanyar Katsina ko Daura ko Damagaram da damina ya ga tire-tiren dafaffen ƙwan zabi. Kowanne mai rai a cikinsu zabo ne da zai iya kawo kuɗi masu kauri bayan 'yan watanni. Injin da zai ɗauki ƙwai ɗari biyu a zubi ɗaya yana sauya wannan lissafi, kuma haka abin yake a arewacin Gana, inda zabo ke cikin manyan dukiyar talaka.

Ba yau aka fara ba

Misirawa sun fi shekara dubu biyu suna ƙyanƙyasa ba tare da kaza ba. Ɗakunan tubali suke ginawa masu hawa biyu, su hura wutar kashin dabbobi da kara a sama, ƙwai dubbai na ƙasa. Marubutan Girka na da sun ambaci abin da mamaki. Har yau akwai irin waɗannan ɗakuna a ƙauyukan Masar, kuma tsofaffin ma'aikatansu da fatar ido suke auna zafi: su ɗauki ƙwai su dafa a kan ido, su san ko a ƙara wuta ko a rage. Wani masanin Faransa mai suna Réaumur ya wallafa littafi a kan wannan fasaha a 1749, bayan gwaje-gwajen da ya yi da ɗumin taki. Injin zamani mai daidaita zafinsa da kansa ya bayyana ne a ƙarshen ƙarni na 19 a Ingila da Amurka. A Bangladesh kuwa har yanzu da ƙaiƙayin shinkafa da fitilar kananzir ake ƙyanƙyashe ƙwan agwagwa.

Duk waɗannan ba su da kwamfuta. Abin da suke da shi sa ido ne.

Abin da ƙwai ke nema

Na farko zafi, kuma a nan ba a ciniki. In akwai fanka mai juya iska a ciki, digiri 37.5 ake so. In babu fanka, sai a ɗan ɗaga zuwa 38 da rabi, a auna daidai saman ƙwan, domin iska mai zafi sama take taruwa. Bambancin digiri ɗaya, wanda jikin mutum ba zai ma ji ba, ya isa ya ɓata zubi. Zafi ya fi sanyi haɗari. Ƙwan da ya yi sanyi na 'yan sa'o'i yakan farfaɗo, sai dai ya makara wajen fitowa, amma in ya zauna a digiri 40 ko 41 na wani lokaci, an gama.

Abin da ya sauƙaƙa wa matasa aikin shi ne 'yar na'urar daidaita zafi. Akwai W1209 mai amfani da batir, akwai STC-1000 mai wutar gida, akwai XM-18 da ke haɗa zafi da danshi da juyi. Ana samun su wajen masu kayan lantarki a manyan kasuwanni irin Sabon Gari ta Kano. Aikinta ɗaya: ta kashe fitila in zafi ya kai, ta kunna in ya sauka. Sai dai ba kowacce ke faɗin gaskiya ba. Wata takan nuna 37.5 alhali cikin akwati 39 ne. Maganin wannan yana kemis: ma'aunin zafin jikin mutum, wanda aka yi shi don ya kama daidai wannan zango. A ajiye shi kusa da ƙwai, a gwada sama, a gwada ƙasa, a gwada kusurwoyi. Kuma a bar injin ya yi kwana biyu yana aiki ba komai a ciki kafin a zuba ƙwai. Doki kan hana mutane wannan jira, kuma su kan biya shi da kiret guda.

Game da fitila, tsohon ƙwan lantarki mai zafi ake so, mai wat 40 ko 60. Fararen nan na zamani masu tsimin wuta haske kawai suke bayarwa. Gara biyu ƙanana da ɗaya babba, don in ɗaya ya ƙone cikin dare ɗayan ya riƙe ɗumi. A sa kariya ta gwangwani tsakaninsu da ƙwai, kada na kusa ya gasu na nesa yana jin sanyi.

Na biyu danshi. A cikin kwana 18 na farko ƙwai yana zubar da kusan kashi 12 cikin ɗari na nauyinsa ta ƙananan ƙofofin da ke jikin ɓawo, wannan ne ke faɗaɗa aljihun iskar da ke ɓangaren mai faɗi, inda ɗan tsako zai fara shaƙar numfashi. Danshin kashi 50 zuwa 55 ya isa a wannan zango, a kwana uku na ƙarshe a ɗaga zuwa 65 ko 70. Faɗin farantin ruwa ke ƙara danshi, ba zurfinsa ba. A nan ne kwafar bidiyon wata ƙasa ke cutar mutum. Da hunturu a Kano ko Sakkwato iska takan bushe ƙayau, faranti ɗaya ba ya isa, sai an ƙara da soso ko tsumma mai jiƙe, in ba haka ba fatar ciki ta bushe ta naɗe ɗan tsako ya kasa juyawa. A watan Agusta kuwa iskar kanta cike take da laima, mai cika faranti biyu zai tarar 'yan tsakinsa sun mutu a jiƙe cikin ɓawo. Injin ɗaya ne, amma hannun da ke riƙe da shi dole ya san wane wata ake ciki.

Na uku iska. Abin da ke cikin ƙwai numfashi yake yi, kuma kullum buƙatarsa ƙaruwa take. Firji an yi shi ne don kada iska ta shiga, saboda haka sai an yi masa 'yan huji ƙasa da sama, a riƙa buɗe su a hankali yayin da kwanaki ke tafiya. Masu toshe kowace kafa don tsimin wuta su ne ke samun 'yan tsaki sun cika sun kammala, gashi da ƙumba da komai, amma a mace.

Na huɗu juyi. Kaza da baki da ƙafa take motsa ƙwanta sau da yawa a yini. Mai inji zai juya aƙalla sau uku, in da hali biyar, kuma a bar adadin a kan mara, don kada ƙwai ya kwana a gefe ɗaya dare biyu a jere. A sa alama da fensir a gefe biyu don a san wanda aka juya. Masu dabara kan ɗora kiret ɗin a kan sanda mai lilo, su karkata shi gaba ɗaya daga waje ba tare da buɗe ƙofa ba. Da yawa sun haɗa juyin da lokutan salla, kuma tsari ne mai kyau, domin ba a mantawa. A rana ta 18 a daina juyi, a ƙara ruwa, a shimfiɗa buhu ko tsumma mai kaushi don kada santsi ya raba ƙafafun 'yan tsaki, a rufe farantin ruwa da raga, a kulle ƙofa.

Daga nan sai haƙuri. Ɗan tsako kan huda ɓawo ya huta sa'a goma sha biyu, wani har yini da kwana, kafin ya fito. Mai ɓare masa da farce yakan tsinka jijiyoyin da ba su gama janye jini ba. Kowace buɗe ƙofa don leƙe kuma tana fitar da danshin da sauran ke buƙata.

Kwanakin sun bambanta: kaza 21, salwa 17 zuwa 18, zabo 26 zuwa 28, talo-talo 28, agwagwar gida kuwa har 35. Wanda ya gwamutsa su a zubi ɗaya ya ɗaura wa kansa aiki.

Wuta, uwar matsala

Da ana samun wuta dare da rana, da wannan rahoto ya tsaya a nan. Mako uku ba yankewa abu ne da unguwanni kaɗan ke gani, kuma janareta a farashin man yanzu zai cinye ribar tun kafin ƙwai ya fashe.

Shi ya sa masu haɗa injin da suka san aikinsu suka koma tsarin batir mai bolt 12: ƙwan fitilar mota ko wayar ɗumama, fankar kwamfuta, batir, faifan sola. Lissafin ba shi da wuya. A ce abin ɗumamawa wat 60 ne, kuma rabin lokaci yake aiki. Daga faɗuwar rana zuwa hantsi zai sha abin da ya kai kusan rabin cajin batir mai lamba 100, wanda shi ne iyakar abin da ya kamata a zuƙa daga irin wannan batir in ana son ya yi ƙarko. Ma'ana batir ɗaya mai lafiya zai fitar da ƙaramin inji zuwa safiya, amma da ƙyar, kuma in aka wuni da hadari ko ƙurar hunturu ta rufe faifai, sai an nemi mafita. Sau da yawa kuɗin batir da sola sun ninka na akwatin kansa. Mai talla da ya faɗi farashin inji bai ambaci wannan ba, rabin magana ya yi.

A nan ne firji ya fi kwali da falle ɗaya na katako, domin bangonsa na riƙe ɗumi. Akwai kuma dabarun da ba sa cin kuɗi. Gorunan ruwa a jere a ƙasan injin suna ɗaukar zafi su riƙa sakinsa a hankali in wuta ta ɗauke. Bargo a rufa, a bar hujin iska. In abin ya yi tsawo, a tafasa ruwa a zuba a jarka a naɗe da tsumma a sa ciki, ana duba ma'auni.

A ƙauyukan da ba wuta sam, fitilar kananzir na nan. Sharaɗinta shi ne harshen wuta da hayaƙi su bi ta bututun ƙarfe su fice waje, ɗumin bututun kawai ya shiga wajen ƙwai. Tana son mai tashi cikin dare ya duba lagwani. Kuma dole a faɗa da babbar murya: fitila ko ƙwan lantarki mai zafi kusa da kwali, a ɗakin da yara ke kwana, gobara ce ake gayyata.

Akwai kuma matsalar da ta kusa zama tamu mu kaɗai. A watan Afrilu da Mayu, a Maiduguri ko Sakkwato ko Yamai, zafin rana kan haura digiri 40. Ɗakin kwano ya fi haka. Na'urar ta iya kashe fitila, ba ta iya sanyaya akwati ba, ga shi ƙwan da ya wuce kwana goma shi ma fitar da nasa zafin yake. Da bazara wurin ajiye inji ya zama ɗakin ƙasa mai kauri ko inuwa mai iska, a yayyafa ruwa a ƙasa, a buɗe hujin sama. Wasu ma sukan huta a waɗannan watanni, kuma ban ga laifinsu ba.

Ƙwan da ba zai taɓa fashewa ba

Asara mai yawa tun kafin a kunna inji take faruwa. Ƙwan da ake sayarwa a kiret don ci, kajin da suka saka shi ba su taɓa ganin zakara ba. Ko shekara zai yi a inji ba abin da zai fito. Kajin nama kuwa ana yanka su ne tun suna mako shida zuwa takwas, iyayensu na musamman ne da ke gonakin kamfani. Irin su Noiler, da kamfanin Amo na Awe a jihar Oyo ya fitar, ana iya ƙyanƙyashe ƙwansu in akwai zakara, amma 'ya'yan ba sa fitowa bai ɗaya kamar iyaye, kuma kowane zubi sai ƙara rarrabuwa suke. Injin gida ba zai maye gurbin kamfani a wannan fage ba. Fagensa kazar Hausa ne, da zabo, da agwagwa, da talo-talo, da salwa.

Ko a nan ma sai an zaɓa. Zakara ɗaya ga kaji takwas zuwa goma. Ƙwai kada ya wuce mako ɗaya a ajiye, tsininsa a ƙasa, a wuri mafi sanyi a gida, kamar gindin randa. A zafin bazara ɗan da ke ciki kan fara girma tun a kwando, ya mutu kafin a kai shi inji. Ba a wanke ƙwan ƙyanƙyasa, domin akwai wani siririn rufi a jikin ɓawo da ke tare ƙwayoyin cuta. Mai kashi sosai, mai tsaga, mai girma fiye da kima, mai siffa a karkace, duk a kai su kicin. Ƙwan zabin kasuwa kuwa caca ne: ba a san kwanansa ba, ya sha rana, ya sha girgizar babur, kuma manoma da yawa sun sayar da mazan zabinsu tun da rani.

Tocilan ita ce alƙali. A rana ta bakwai, cikin duhu, a haska ƙwai ta ɓangaren mai faɗi. Mai rai zai nuna jijiyoyi jajaye da ɗigo baƙi a tsakiya. Wanda ba shi da zakara fes yake. Wanda ya fara ya mutu zoben jini ake gani. A fitar da marasa rai, a sake dubawa wajen rana ta 14 da ta 18, domin ruɓaɓɓe ɗaya in ya fashe a ciki ya shafa wa sauran cuta.

Ƙyanƙyasar haya da rigimarta

Sabuwar sana'a ta fito daga cikin wannan. Mai inji kan karɓi ƙwan mutane, a biya shi kan kowane ƙwai, a dawo ranar fitowa. Ga matar aure mai kaji goma da ba za ta iya sayen sola ba, wannan hanya ce mai kyau. Amma rigima ba ta ƙarewa. An kawo talatin, takwas suka fito. Mai ƙwai na cewa an dafa masa kaya, mai inji na cewa ƙwan ne ba zakara.

Masu kiyaye amana sun samo mafita: a rubuta sunan mai shi da rana a jikin kowane ƙwai, a kira shi ranar haskawa ta bakwai ya gani da idonsa, a mayar masa da fes-fes ɗin. Waɗanda suka rage kuma, in ba su fito ba, a fasa a gabansa. In 'yan tsaki ne cikakku a mace, laifin ya fi karkata ga inji. In sun fito tun rana ta 19 da cibiya a buɗe, zafi ya yi yawa. In sun kai 23, ya yi kaɗan.

Likitocin dabbobi suna da wata damuwar dabam. Ƙwai daga gida ashirin a akwati ɗaya hanya ce ta haɗa cututtukan gida ashirin, kuma akwai waɗanda ke bi ta cikin ƙwai daga uwa zuwa ɗa, kamar farin zawon 'yan tsaki. Wanda bai share ɓawo da gashi ya wanke inji da maganin kashe ƙwayoyin cuta bayan kowane zubi ba, zubi na uku ko na huɗu zai ga sakamako. Tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a jihar Kaduna a Fabrairun 2006, ba ta daina dawowa ba, saboda haka kiret da takalmin da ke yawo gida-gida ba abin wasa ba ne.

Ko kowa ne ke buƙatarsa?

Tsofaffin mata masu kiwo ba su cika ɗaukin injin ba, kuma hujjarsu mai ƙarfi ce. Kazar Hausa mai kyan kwanci takan fitar da takwas cikin goma, ba wuta, ba batir, sannan ta rene su kyauta. Injin gida in ya ba da shida ko bakwai cikin goma na ƙwai masu rai, ya yi ƙoƙari, masu farawa kuwa sukan sami ƙasa da haka. Mai kaji biyar ba shi da abin da zai cika inji da shi cikin mako ɗaya. Abin yana fara biyan kansa ne in mutum na iya tara sabon ƙwai hamsin ko fiye a mako, nasa ko na maƙwabta, ko kuma da damina lokacin zabi.

Masu haɗawa don sayarwa, a Panteka ta Kaduna da sauran wurare, akwai ƙwararru a cikinsu, akwai kuma masu fenti mai kyau.  Mai saye ya nemi ganin wanda ke aiki a hannun wani, ya tafi da nasa ma'aunin, ya tambayi wa zai kira in abu ya lalace a rana ta goma. A ganina nan ne kwalejojin fasaha da cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika, wadda ta fitar da kazar ShikaBrown, za su yi aiki mai amfani da kuɗi kaɗan: zane ɗaya da aka gwada a yanayin hunturu da bazara da damina, da bayani cikin Hausa, a raba wa kafintoci da masu gyaran lantarki.

Bayan an buɗe ƙofa

Ɗan tsako na fitowa da sauran gwaiduwa a cikinsa, wadda ke riƙe shi kwana biyu zuwa uku. Ita ce ke ba na kamfani damar jure tafiya daga Ibadan. Saboda haka ba gaggawar fito da shi, a bar shi ya bushe a ciki.

Daga nan aikin da aka ɗauke wa kaza ya dawo kan mutum. Makon farko 'yan tsaki suna son ɗumin digiri 32 zuwa 35, a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan kowane mako har gashi ya rufe su. Tukunyar gawayi ko fitila na yi, muddin iska na shiga. Su da kansu suke faɗin halin da suke ciki: in sun cure a gindin wuta sanyi suke ji, in sun watse jikin bango suna haki zafi ya yi yawa. 'Ya'yan zabi sun fi kowa rauni a nan, raɓa da sanyin asuba na zubar da su da yawa a makonnin farko, ga shi daminar ce lokacin fitowarsu. Abincin farko mai gina jiki ba a tsallake shi, ko da daga baya za a sake su kiwo. Zakaru kuma a riƙa musanya su da na wani gari duk shekara, domin mai ƙyanƙyasa daga garke ɗaya kullum zai ga 'ya'yan na ƙanƙancewa.

Sai rigakafi. Cutar Newcastle, wadda ke share akurki da hunturu, ba ta bambanta ɗan inji da ɗan kaza. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom kusa da Jos tana yin maganin rigakafinta, har da samfurin I-2 mai jure zafi wanda ake ɗigawa a ido, da na Gumboro. Kwalba ɗaya ta kaji da yawa ce, kuma in an haɗa ta da ruwa sai a yi amfani da ita cikin ɗan lokaci. Mai 'yan tsaki arba'in ba zai ƙarar da ita shi kaɗai ba. Masu inji a unguwa ɗaya za su iya zuba ƙwai a mako guda, su sayi kwalba tare, a bi gida-gida da sassafe a ɗiga wa na kowa, har da kajin maƙwabtan da ke shiga tsakar gidansu.